Muryar Yayana Tana Kan Faifan Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, da masu karatu manya da ƙanana. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma a daure a kai ƙarshen maganata kafin a yanke mini hukunci. Na san nauyin wannan roƙo, domin ni kaina ban saba yi wa kowa irin wannan alfarma ba.

Ni dattijo ne, mutumin Tambuwal. Gidanmu gidan malamai ne, amma ni kaɗai aka ɗauka aka kai makarantar mishan a ƙasar Zuru, inda ake bugun yatsu da rula idan harafi ya karkace daga layi. A can aka cusa mini cewa aikin da bai cika ba, ba aiki ba ne. Na fara taɓa kwamfuta zamanin da kuɗin mai suka cika gari, lokacin faifai guda sai an rungume shi da hannu biyu. Bayan na yi ritaya aka sake kirana a kan kwantiragi, in kula da na'urar ajiyar bayanai ta wani asibiti da ba zan ambata ba.

Ga wanda bai san aikin ba, akwati ne mai tsawon mutum, cike da fayafayai. Muna ɗaure su rukuni-rukuni, mu haɗa rukunan su zama rumbu guda, a ciki ake zuba hotunan ƙirji da na ƙashi da sakamakon awon marasa lafiya. Idan faifai ɗaya ya mutu a rukuni, sauran sukan riƙe kayansa, amma idan na biyu ya bi shi kafin a cike gurbin na farko, komai ya tafi. Shi ya sa ake ajiye fayafayai biyu babu komai a kansu, kamar safayar mota. Da zarar wani ya mutu, na'ura ta ɗauki guda ta sake gina abin da ya rushe.

Yayana malami ne, a Kebbe ya zauna yana karantarwa a zaurensa har Allah ya karɓi abinsa. Ba mu cika shiri ba. Zamanmu na ƙarshe, na gyara masa wata magana a gaban ɗalibansa, ya dube ni ya ce, "Auta, kai ko lahira anka kai ka, sai ka duba ko sahu ya miƙe." Ɗalibai suka fashe da dariya. Na tashi na shiga mota, ban sake taka Kebbe ba sai ranar jana'izarsa.

Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa suka kawo mini buhun kaset, karatunsa ne da ɗalibai suka yi shekaru suna ɗauka, zaren ya fara lalacewa. Na ce su bar mini. Na juye su ɗaya bayan ɗaya, ban yarda na matse sautin ba don kada ya rage kyau, sai ya zamana ina bukatar wuri amintacce. Ya jama'a, a nan na zame. Na ɗauki fayafayan safaya guda biyu na asibiti, na yi musu ɓoyayyen rukuni, kowane yana riƙe da kwafin ɗan'uwansa, na zuba muryar yayana a ciki, na bar su da alamar safaya yadda mai dubawa ba zai gane ba. Na ce wa raina na ɗan lokaci ne. Na mayar da kaset ɗin Kebbe, damina ta zo ɗakin da aka ajiye su ya rufta, gara ta ƙarasa sauran. Za ku ce me ya hana ni miƙa wa yaran karatun tun da wuri? Akwai ƙara a ciki, akwai carar zakara da tarin ɗalibai, kuma ina so in jera shi littafi bayan littafi. Ni ba na miƙa aiki da datti. Wannan shi ne dalilina, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Ana haka wani ya soka fulash, ɗan abin kwafar bayanai, a wata kwamfuta, cutar kwamfuta ta shigo ta wahalar da mu. Da hannuna na tsara dokar da ta biyo baya. Aka toshe duk wata kafa, ba abin da zai fita daga rumbu sai da makulli biyu, nawa da na mataimakiyata, kuma duk abin da aka samu ba na asibiti ba, a goge shi nan take ba tare da an kwafa ba, a kai mai shi gaban kwamiti. Wanda ta fara kamawa wani ma'aikacinmu ne mutumin Jabo, magidanci da 'ya'yansa, an samu hotunansa a cikin rumbu. Ya ce, "Baba, don girman Allah bari in kwashe. Hotunan tsohuwata na, ta rasu, babu su ko'ina." Na ce masa doka ba ta san tsohuwa ba. Yana tsaye na goge. A daidai wannan lokaci faifan yayana yana juyawa a akwatin da na jingina da shi. Aka sallami mutumin. Yanzu yana gyaran waya a kasuwar Tambuwal, kuma duk ranar da na gifta sai ya miƙe ya karkaɗe mini benci, ya ce, "Baba, a zauna a sha inuwa." Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Nakan shiga ɗakin na'ura mai sanyi in sa abin sauraro a kunne, da sunan gyaran sauti. A haka na gano abin da ban sani ba yana da rai. Duk ƙarshen karatu sai ya yi addu'a: "Allah shi jiƙan magabata, shi ba mu damina mai albarka, shi tsare muna Auta inda duk yake." Har a karatun da aka ɗauka bayan na yi fushi na tafi. A wani kaset wani ɗalibi ya tambaye shi wane ne Auta, ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙanena na. Baƙar zuciya gare shi awa barkono, amma in ka ba shi ajiya, tafi ka yi kwananka." Tun ranar ban huta ba. Ina jin muryar nan a cikin gurnanin fankokin na'ura, ina jin ta a motar haya tsakanin Tambuwal da Sakkwato, ina jin ta idan na ɗaga hannu zan yi kabbara. Wace ajiya na riƙe? Tasa, ko ta mutanen da ke kwance a gadajen asibiti?

Bara faifai ɗaya ya mutu a babban rukuni. Na lallaɓa na raba fayafayan nan biyu, na sakar wa na'ura guda, ba wanda ya lura. Saura guda, kuma a kansa kaɗai muryar take a duk duniya. To, makon nan wata fitila a jikin akwatin ta koma ruwan ɗorawa, alamar wani faifai ya sake mutuwa. Mataimakiyata injiniya ce 'yar Sanyinna, ni na horar da ita, da irin horon da aka yi mini. Ta same ni ta ce, "Baba, rumbu na ɗingishi. Mi ya hana safaya ta kama?" Na ce na'urar ce ke nawa, a ba ta lokaci. Ta ce, "Baba, kai ka koya min na'ura ba ta nawa haka kawai." Ban taɓa sunkuyar da kai a gaban na ƙasa da ni ba sai ranar.

An aika Legas neman sabon faifai, an ce sai an jira. Sauran fayafayan rukunin kuwa sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka saye su, kuma na san yadda sa'o'i ke bin juna. Idan na mayar da karatun cikin babban rumbu, na ƙara wa gurgu kaya, kuma mataimakiyata za ta gani. Idan na roƙe ta makullinta, na roƙe ta ta aikata abin da na raba wani da abincinsa a kai. Idan ta bi dokar yadda na koya mata, ita da kanta za ta goge, ta kai ni gaban kwamiti da furfurata, kuma ba zan ga laifinta ba. Ga yaran Kebbe suna ta kira, suna so a sa karatun babansu a zaure idan azumi ya kama, ina ce musu an kusa. Jiya na ratsa ta ɗakin hoto na ga wata mata a kan benci, yaro kwance a cinyarta yana numfashi da ƙyar, suna jiran a buɗe hoton ƙirjinsa na baya a gwada da na yanzu.

Umarni guda ne zai share faifan ya mayar da shi safaya, rumbu ya fara warkewa. Yau da safe na rubuta shi. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata. Na bar tambayar a kan allo, na kulle ɗakin, na fito na zauna ina rubuto muku. Ban ma gama sauraron karatun ba, akwai sauran da ban taɓa buɗewa ba, ban san abin da ya faɗa a ciki ba.

Malamai da masu hankali, don Allah ku dubi marasa lafiyan nan, ku dubi baiwar Allah mataimakiyata da zan jefa cikin wuta idan na buɗe baki, sannan ku dubi mamacin da ba zai sake magana ba. Me zan yi?