Lemun da Ya Sha Maganin Safiya

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaiki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, rubutuna bai taɓa burge ki ba.

Ina sanar da ke, cikin alhini, cewa lemun tsaminki na bayan ɗaki ya fara zubar da ganye. Na binciki dalili, kuma na gano shi.

Kin tuna da likita ya ce Safiyarmu tana da ciwon suga irin na yara, sai allura kullum har abada? Kin tuna na kwaso littattafai, na haɗa hulba da shuwaka da ganyen zogale, na umarce ki ki rage allurar zuwa rabi? Sau ɗaya kika musa, na karanta miki shafi biyu. Awon suganta ya riƙa yin kyau. Na cika majalisa da labari, har wani ya taso daga Kusada neman haɗin.

Bayan rasuwarki na karɓi aikin. Na ci gaba da abin da na ɗauka kina yi: rabin allura, kofin magani. Kwana biyar yarinyar tana shan ruwa kamar ba ta taɓa gani ba. A na shida ta kama amai, numfashinta ya canja. A mota zuwa asibitin Kankia ina kiran sunanta, ba ta amsawa.

Ta tashi, Hajara. Allah ya bar mana ita. Da ta samu baki ta faɗa mini cewa shekara biyu cikakkiyar allura kike yi mata, haɗina kuwa gindin lemo kike zuba shi. Tun da aka daina zuba masa ya fara zubar da ganye. Kin hana ta faɗa, don kada Baba ya ji kunya.

Me ya sa kika tsare mini girma haka? Ko da yake, da kin sake magana, da wane shafi zan buɗe miki?

Yanzu allurar tana cikin tulunki, cikin jiƙaƙƙen yashi, yadda kika saba ajiye ta. Safiya ce ke duba lambar da ke jikin sirinji kafin in tsira mata. Ba ta yarda da idona ba tukuna, ban kuma ga laifinta ba.

Ban taɓa ce miki na gode ba. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Allah ya haskaka makwancinki.

Mijinki,
Lawal, likitan lemun tsami