Rassan Tuffa a Kejin Cincila

Laraba da dare

Yau gwiwar ta yi sauƙi, tarin ne dai bai sake ni ba.

Na yanko rassan bishiyar ceri a bayan gida, in yi wa cincilar jikata Hauwa wurin hawa a keji. 'Yar dabbar nan mai kama da zomo komai gwaguya take. Maƙwabciyata Maman Ladi ta hango ni ta shinge.

"Baba, yar da su! Wannan ba asuwaki ba ne, guba ce gare ta."

Ta kawo rassan tuffa waɗanda ba a taɓa fesa wa magani ba. Muka kankare, muka tafasa, muka busar a tanda. Ba don ita ba, da na kashe amanar da yarinyar ta bar min. Allah ya saka wa baiwar Allah nan.

Hauwa ta ce za ta leƙo da la'asar. Na dafa shayin mutum biyu, na shanye ni kaɗai.