Azumi Ɗaya Ya Fitar da Ni Daga Layin Magani

Zuwa ga Shugabar shirin yaƙi da tarin fuka da ƙasashen waje ke tallafa wa a Duwala.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni mai tsire ne a unguwar New Bell, nan aka haife ni. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinku a unguwar Yassa, kullum sai a ce kin tafi taro.

Na ɗaya. Bara aka gano ina da tarin fuka. Kun ba ni magani kyauta, na gode. Sharaɗinku shi ne kowace safiya in zo asibitin unguwa in haɗiye ƙwayoyin a gaban nas, har wata shida. Wata huɗu ban yi fashi ba, ko da ruwan sama ya cika lungunmu har gwiwa.

Na biyu. Sai azumi ya kama. Na roƙi a ba ni ƙwayoyin in riƙa sha da sahur. Nas ta ce ba ta da iko, dokar daga Turai aka rubuto ta. Tagar da ake shan maganin kuwa titi take kallo, titin da rabin masu sayen tsirena ke bi. Na ji kunyar a gan ni da kofin ruwa da rana tsaka, ga tarin ya lafa, sai na daina zuwa. Daga baya limaminmu ya yi mini faɗa sosai, ya ce addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Na yi wauta, ban musa ba. Amma ko mutum ɗaya cikin masu rubuta dokar ya taɓa tambayar yadda muke rayuwa a wannan watan?

Na uku. Bayan salla na koma, na tarar an rubuta mini "perdu de vue" a kati, wato wanda ya ɓace. Ni da ke kwana lungu biyu daga asibitin. Tarin ya dawo da jini, gwaji ya nuna cutar ta daina jin maganin farko. Sabon maganin yana cikin kabad, na gan shi da idona, amma wai ba a ba wanda ya taɓa ɓacewa sai da sa hannunki.

Yanzu likita ya hana ni tsayawa gaban nama, ya hana ni kwana ɗaki ɗaya da yarana. Na kai su unguwar PK 14 wurin surukaina tare da uwarsu. Ba sana'a, ba magani, ba iyali. Ina zaune a ɗaki ina tari, kuma wallahi tsoro nake ji.

Roƙona biyu ne. Ki sa hannu a takardata a ba ni sabon maganin. Sannan kafin azumi mai zuwa ku yarda limami ko wani dattijon unguwa ya zama shaidar shan magani da sahur, domin ba ni kaɗai ne mai wannan kunyar ba.

Jiya matata ta bugo waya. Ƙaramar 'yarmu, mai shekara huɗu, ta kwana biyar tana tari. Na ce ta kai ta gwaji, ta tambaye ni ko laifina zai shafi katin yarinyar. Ga tambayar nan na miƙo miki.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya tsare naki 'ya'yan daga wannan ciwo.

Wassalam.

Mai tsire daga New Bell, Duwala.