Direban Talakawa Ya Kira Rediyo

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Ƙafar nan da kika ce tana damun ki, da sauƙi? Mu lafiya lau, in ban da ciwon kai, shi ma ba na asibiti ba ne, na Baban yara ne.

Mai gidan da muke haya ya manna takarda a bakin bene, wai zai ƙara kuɗin haya saboda sabon harajin da majalisa ke ja-in-ja a kai. Ko amincewa da harajin ba a yi ba, Yaya, amma mu har ya hawo mana bene. Tun ranar Baban yara ya zama ɗan siyasa. Akwai wani shirin rediyo na safe da ake buga waya, to kullum sai ya ajiye motar haya a gefen titi, ya bar fasinja suna tsaki, ya kira. Har suna ya raɗa wa kansa, wai Direban Talakawa. Shekaranjiya haraji ya zaga, jiya 'yan majalisa, yau kuma ya gano baƙi ne suka cinye gidajen gari.

Na ce masa, "Yayata fa baƙuwa ce inda take." Ya ce ai ke daban ce, kina da tarbiyya. Ina kan keken ɗinki nake jin muryarsa a rediyo, masu kawo ɗinki suna kallona suna guntse dariya. Na gaji, wallahi.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ki zauna kafin ki karanta wannan.

A ƙasan benenmu akwai wani mai gyaran famfo da matarsa, daga ƙetaren iyaka suka zo bara waccan. Shi ya gyara mana bututun wanka da ya shekara yana ɗiga. To mutumin naki, da magana ta yi masa daɗi a rediyo, sai ya ce baƙi goma sha biyar ne cunkushe a ɗakin ƙasa, ba takarda. Mai gabatarwa ya tambaye shi a ina, ya faɗi layi, ya faɗi lambar gida. Gidanmu, Yaya. Da bakinsa.

Ranar Talata sai ga ma'aikatan duba gidaje da littafi da igiyar awo. Mai gyaran famfo ya buɗe musu, shi da matarsa su biyu rak, takardunsu a jere cikin leda. Tunda kuwa sun zo, suka ce bari su leƙa sama.

Kin san zamanmu. Ni, shi, yara biyar, ga Inna mahaifiyarsa, a ɗaki biyu. Gadon Inna a kicin yake, risho a baranda. Suka auna, suka ƙirga kawuna, suka rubuta. Doka ta hana kwana a kicin. Mako biyu suka ba mu, ko Inna ta bar nan ko dukanmu mu tashi.

Baban yara ya zaga gari neman gida har takalminsa ya buɗe baki, duk inda ya je ya fi ƙarfinmu. Ƙannensa kuwa kowa da uzurinsa, wannan matarsa ta kusa haihuwa, wancan rufinsa na yoyo. Abin da ya fi ci min rai, Inna ta ji komai. Ta ɗaure 'yan kayanta a zani, tana wuni zaune a gefen ƙunshin. Na shiga banɗaki na yi kukana. Shi kuma har yanzu wai laifin gwamnati ne.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Na ga saƙonki, na gode, amma kwantar da hankalinki, ba mu tashi ba.

Matar mai gyaran famfo ta hawo karɓar rigarta, ta ga ƙunshin Inna, ta tambaya, ni kuma bakina ya kasa riƙewa. Washegari sai ga mijinta a ƙofa. Ya ce ya kwashe kayan aikinsa daga ƙaramin ɗakinsu, "Ƙarfe ba ya jin sanyi, a waje ma zai kwana. A sauko da Mama." Kunya ta sa na tambaye shi ko ya san wanda ya jawo musu ma'aikatan. Ya yi murmushi ya ce kullum yana sauraren shirin, da shi yake koyon yaren gari, kuma muryar maƙwabci ba ta ɓata masa.

Baban yara ya so ya yi gardama, Inna ta ɗauki ƙunshinta ta kama hanyar bene, dole ya bi ta da katifa a ka. Ma'aikatan sun dawo, sun ga tukunya a kicin maimakon gado, sun rubuta Inna a gidan ƙasa. Ƙarin haya yana nan, majalisa ma tana nan tana surutunta.

Inna ta ce ita da sama har abada, gwiwarta ta huta da hawa. Don haka kowace safiya ɗanta zai sauka, ya ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da ya kai ƙara, ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaishe ta. Lokacin kuma daidai da na shirin ne, rediyonsu a kunne.

Jiya na raka shi da ruwan zafinta. Yana tsakiyar gaisuwa mai gabatarwa ya ce, "Wai ina Direban Talakawa ne, kwana biyu shiru?" Inna ta juya ta dubi rediyon ta ce, "Ga shi nan tsugune a ɗakin baƙi, ɗan nan. Da saƙo ne?"

Mai gyaran famfo ya miƙa hannu ya rage murya. Yau Baban yara ya fita aiki, ya bar wayarsa a kan kekena.

Ki gaishe da maƙwabtanki, Yaya, ki gaishe su da kyau.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta