Sunan Kabir a Kan Gyaran da Na Yi

Zuwa ga Malam Shugaban zaurenmu na masu rubuta manhaja a Katsina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali da aiki lafiya.

Ranka ya daɗe, kishi ne ya sa ni rubutun nan, ba zan ɓoye ba.

Na farko, ka san 'yar manhajar da muke maƙala wa kwamfaila (mai juya rubutunmu zuwa harshen na'ura), wadda ke sa tsaro a sitak, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kanel, ƙashin bayan manhajojin kwamfuta, don kada ɓarayin intanet su kwashi abin da aka bari a ƙwaƙwalwar na'ura. Duk fitowar sabon kwamfaila sai ta karye, domin masu shi suna sauya sunayen abubuwan da ta dogara da su. Shekara da shekaru ni ke ɗinke ta, yadda za ta yi aiki da sabo ba tare da ta watsar da tsoho ba.

Na biyu, a karyewar bana na gama gyaran, amma tsohuwar kwamfutata ba ta iya haɗa kanel da sabon kwamfaila. Zafi take ɗauka ta mutu. Sai na hau babur daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Guga, na kai wa Kabir, ɗan zaurenmu, ya gwada a tasa. Ban rubuta sunana a ƙasan gyaran ba. Kunya na ji, kamar in ba maƙwabci aron tabarma in ce ya sa hannu.

Kabir ya gwada, gyaran ya yi, ya tura wa masu kula da kanel da sunansa. Su kuwa can sunan da ke ƙasa kaɗai suka sani. Yanzu shi suke tuntuɓa, kuma kai da bakinka ka kira shi mai kula da manhajar a taronmu. Ina zaune a layin baya aka tafa masa. Har ni na tafa, raina yana ƙuna. Yaron da ni na nuna masa yadda ake tura gyara.

Roƙona biyu ne. Ka kira mu ka tambaye shi a gabana. Sannan ya rubuta musu a mayar da sunana inda ya kamata.

Wani sabon kwamfailan na nan tafe, kuma manhajar za ta sake karyewa. Na san kaina: ko ba ku yi kome ba zan zauna in gyara, don ba na iya kallonta a karye. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci a tsakaninmu.

Wassalam.
Naka, Lawal na Ƙofar Kaura