Kwamfutar da Na Kulle wa Auta

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ku, Ya yi wa nemanku albarka, Ya raya mana yaran. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi, har yana zuwa kasuwa ba sanda, ko da yake har yanzu sai na tsaya a kansa yake shan magani. Yayarka ta koma bakin aiki bayan hutun haihuwa, jaririn kuwa sai ƙiba yake yi.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na lura kiran waya ya zama maka nauyi. Matarka ta ba ka rabin labari, ni zan ba ka cikonsa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka san kwamfutar da ka bar wa ƙanwarka Auta, wadda take rubuta aikinta na kammala jami'a a ciki. Wata biyu ke nan yarinyar nan ba ta da aiki sai zama gabanta, daga karin kumallo har la'asar. Ba shara, ba wanke-wanke, in baƙi sun zo sai ta gaishe su ido na kan allo. Rannan na leƙa na ga abin sauraro a kunnenta tana murmushi, na ce lallai fim ne. Ni kuwa ban haifi 'yar da za ta mayar da ni 'yar aiki ba. Ranar Asabar da ta tafi ɗakin karatu ta bar kwamfutar a buɗe, na zauna na canza kalmar sirrin shiga, da niyyar in buɗe mata ranar Litinin idan ta shiga hankalinta.

Kada ka yi mamakin yadda na iya. Shekara goma sha tara na yi ina buga takardu a ofis, kuma can aka koya mana cewa ba a rubuta kalmar sirri a takarda, ba a kuma sa mai sauƙi. Sai na haɗa guntun suna da wata shekara da babban harafi, na ji daɗin kaina. Inda kwamfutar ta nemi in rubuta abin tunatarwa ga wanda ya manta, na rubuta wa Auta cewa ta tambayi uwarta. Da ta dawo ta roƙe ni, ta ce ranar Alhamis da tsakar rana ne ƙarshen karɓar aikin, kuma babi na ƙarshe bai gyaru ba. Na ce mata kwana biyu ba sa kashe mutum, ta ɗauki tsintsiya.

Ranar Litinin da safe na zauna in buɗe, kalmar ta ɓace mini ɓat. Na gwada sunanka da shekarar haihuwarka, na gwada na yayarka, na gwada shekarar da na bar aiki. Duk lokacin da na kuskure sai allon ya rubuto mini cewa in tambayi uwata, ni da tawa ta rasu shekara goma sha biyu. Babanku ya yi dariya har da tari, ya ce garin neman gira na rasa ido. Na tambayi Auta ko ta ajiye aikin a wani wuri, ta ce wanda ke cikin fulash tsoho ne, babu babi biyu a ciki. Na yi mata faɗa a kan sakaci, kuma har yanzu ina kan bakana, wanda yake da abu mai daraja ba ya ajiye shi wuri ɗaya. Amma abinci bai shiga cikina ba ranar.

Ranar Talata muka kai kwamfutar wurin mai gyara, wanda shagonsa ke kusa da mai ɗinkin labule. Ya ce hanya biyu ce: ko ya wanke ta gaba ɗaya komai ya tafi, ko a nemi sabuwar kalma, amma lambobin tabbatarwa wayar wanda ya fara saita ta za su je. Wato wayarka. Na kira ka tun daga shagon har muka dawo gida, ba ka ɗauka ba. Na san tun da na yi maka magana a kan rashin zuwa gaishe da kawunka kake gudun kirana. To, ka sani, uwa ba ta kiran ɗa sau goma don ta ji daɗin ƙarar waya. Wata rana kiran na asibiti ne, me za ka ce?

Allah Ya yi wa matarka albarka, ita ta ɗauka ranar Laraba da ka manta wayar a gida. Muka koma shagon, mai gyara ya tura lambobin, ni kuma na tsaya gaisawa da ita, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na ɗan ja mata kunne a kan yawan ba su kayan zaƙi. Kafin ta karanto lambobin sun mutu, ashe minti goma kawai suke yi. Mai gyara ya roƙe ni in miƙa wa Auta wayar. A karo na biyu kwamfutar ta buɗe. Abin da ya fara fitowa shi ne abin da take saurara rannan, ashe muryoyin manoman da ta yi hira da su ne don bincikenta, wani tsoho a ciki yana ba ta dariya.

Ta miƙa aikin ranar Alhamis saura rabin awa a rufe, amma gyaran kwana biyar ba ya yiwuwa a yini ɗaya. Malaminta ya ce babin ƙarshe ya zo da rauni, sai an zauna a kansa za a san makinta. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Da ta yi mini rashin kunya da na san abin yi, amma ko kallon banza ba ta yi mini ba. Sharar ma tana yi. Da ta sa sabuwar kalmar sirri, sai ta rubuta a takarda, ta ninke, ta kawo mini har ɗaki da hannu biyu. Tana nan cikin jakata, ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba.

Da farko na so in ce ka kira ta ka ba ta haƙuri a madadina. Na fasa. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango naku. Idan na rufe takardar nan zan shiga ɗakinta, ko da yake ban san ta inda zan fara ba, ban taɓa yi ba. Kai dai ka taya ta da addu'a sakamakon ya yi kyau, kuma ka riƙa ɗaukar waya.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da babbar jikata da ƙannenta biyu. Babanku da yayarka da mijinta suna gaishe ku. Kawunka ma yana gaisuwa, duk da ba ka neme shi ba. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka.