Hannun da Ke Ƙarƙashin Ƙeya

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Abban yara. Ya ƙafar Mama?

Yaya, ki gyara min ɗakin nan na baya. Zan zo, kuma ban san ranar komowa ba. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. Shirun maigidana ne ya ishe ni. A littattafan da nake karantawa, miji yakan faɗa wa matarsa maganar da za ta wuni tana murmushi ita kaɗai. Nawa kuwa, in ya dawo daga koya wa yara kokawa, hirarsa ba ta wuce wanda ya iya juya abokin karawa da wanda ya kasa danne kafaɗa. Ko da na yi zazzaɓi, na sa rai zan ji muryarsa tana rawa, amma juyo ni kawai ya yi ya ba ni magani. Na riga na haɗa jaka. Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, na ga amsarki, na kuma ji faɗan.

Jiya ya manta usur ɗinsa a gida, sai na kai masa ɗakin horo, da niyyar in sanar da shi tafiyata. Na tarar da yara bibbiyu a kan katifa, ɗaya a kife, ɗaya a kansa. A kokawarsu kayarwa ba ta gama wasa, sai na sama ya juya na ƙasa ya manna kafaɗunsa biyu da katifa. Maigidan yana nuna musu yadda ake zura hannu ta ƙarƙashin hammata har ƙeya, a tura da ƙirji, ba da ƙarfin damtse ba.

Wani ƙaton yaro da suke kira Tirela ya juya nasa da gaggawa, ya zare hannu don ya ɗaga shi sama yana murna. Kan ɗan'uwansa ya bugu da katifa. Yaya, ban taɓa jin maigidan ya ɗaga murya ba sai jiya. Ya soke nasarar. Ya ce duk wanda ya juya mutum, kan mutumin amana ne a tafin hannunsa, ba ya zarewa har sai ya sauke shi.

Ya durƙusa ya sake gwada musu a hankali. Ina ganin yadda ya tallafo ƙeyar yaron, sai na ji ɗumi a tawa ƙeyar. Haka ya riƙe ni ranar zazzaɓin, har na shanye maganin, har barci ya ɗauke ni. Ni kuwa ina can ina jiran magana.

Na miƙa masa usur, ya tambaye ni ko akwai wani abu, na ce babu.

Har yanzu ina son in ji kalma mai daɗi a bakinsa, kuma zan faɗa masa haka. Amma ki mayar da kayanki ɗakin baya. Na kwance jakar.

Ki gaishe min da Mama da kyau.

Taki har kullum,
Auta